Jar Hular Mushe Laminu

Ina cikin zuba wa awaki dusa da hantsi na ji rediyo tana faɗin rasuwar Mushe Laminu, tsohon malamin makarantar garinmu. Daga jin murya yarinya ce ke karanta labarin. Ta jero kyaututtukan da ya ci a ƙasarmu da ƙasashen waje, ta kira shi uban teyatur, wato wasan kwaikwayo na dandamali, ta ce ƙasa ta yi rashi, sannan ta wuce zuwa maganar taki. Na tsaya da kwano a hannu har babbar akuyar ta sa kai ta cinye rabon 'yan'uwanta. Ba kuka na yi ba, don mu da muka kai waɗannan shekaru mun saba da jin irin wannan labari. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne, duk abin da ta faɗa gaskiya ne, amma mutumin da ta kwatanta ban san shi ba. Wanda na sani wani siriri ne mai in'ina, da ya zauna a ɗakin zaurenmu a Agiye, ya kusa raba ni da matar da nake tare da ita har yau, kuma shi ne ya je ya nemo mani ita.

Agiye ta lokacin ba wannan ba ce da babura ke tashin mutum tun kafin kiran salla. Da kunne kake sanin inda rana ta kai. Da asuba sai ka ji taɓarya tana amsa taɓarya daga gida zuwa gida, kowace mace da irin lugudenta, har innata tana iya cewa yau wance ba ta da lafiya, dakanta ya yi sanyi. Daga nan sai kukan igiya a bakin rijiya, sai jakuna, sai ƙarfen ƙafar kamyo, wato babbar mota, da aka rataye a gawon lakol, makarantar boko ke nan, a buga shi yara su kwasa da gudu. In kaka ta yi, gyaɗa ce ke mulkin gari. Buhuna sun taru kamar tsauni a bakin hanya, mu kuma masu ƙarfi muna ɗora su a kamyo har wuya ya ƙage. Aikina ke nan da rani, da damina kuwa gonar babana. Allah ya ba ni jiki da tsawo da murya mai kauri, har ana ce mani Dogo, amma bai ba ni zuciyar da ta dace da su ba. Ko kaza za a yanka a gidanmu sai an nemo maƙwabci, ni kuwa in zagaya bayan rumbu sai an gama. Innata takan dube ni ta ce, "An gina babban ɗaki, an sa ɗan tsako a ciki."

A shekarar da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu aka kawo Laminu lakol ɗinmu. Na tuna ranar tutar, da kiɗa da jawabi da Faransancin da ba wanda ya ji, da tsofaffi suna tambayar juna ko yanzu an daina haraji. Da na koma gida na ce wa innata mun samu mulkin kai, ba ta ko ɗago daga tankaɗe ba, ta ce, "Na ji. Sai mu ga ko gero ma ya ji." Bayan 'yan makonni sai ga baƙo da akwatin ƙarfe da tabarma a naɗe, an ce sabon mushe ne, wato malamin lakol, ba shi da masauki. Babana ya ba shi ɗakin zaure. Daga wani ƙauye yake ta wajen Gidan Rumji, harshensa na Gobir ne, mun daɗe muna tsokanarsa da shi. Da bakinsa ya ba mu labarin yadda ya shiga lakol: an zo neman yara, masu hali suka ɓoye nasu a rumbu, uwarsa kuwa mijinta ya rasu, ba ta da rumbu, ba ta da mai yi mata magana, sai aka kama hannunsa aka tafi. Yana faɗi yana dariya, ya ce rashin rumbu ne ya yi shi mushe.

In'inarsa ba ƙarama ba ce. In zai roƙe ka gishiri, za ka gaji ka miƙa masa kafin ya kai ƙarshen kalmar. Amma da zarar ya ɗauki muryar wani, harshen sai ya warware kamar ba shi ba. Zai yi maka sarkin fawa yana rantsuwa a kan nama, ya juya ya yi maka Bafulatana mai nono tana jan ciniki, ya yi maka kumandan Nasara yana ƙoƙarin gaisuwa da Hausa, ba tuntuɓe ko ɗaya. Ya gaya mani ko a aji da muryar tsohon mushensa yake koyarwa, don tasa ta ƙi. Ranar kasuwa kuwa ba ya saye ba ya sayarwa, sai ya nemi gindin rumfa ya zauna kamar mai jiran wani, alhali kunnensa ne ke kiwo. Innata, wadda ta riƙe shi kamar ɗan cikinta, ta ce, "Yaron nan mutane da yawa ne a cikinsa, shi kaɗai ne bai samu wurin zama ba."

Shi ya fara tara mu a filin lakol bayan la'asar. Mun san wasan kwaikwayo na yara da na azumi, amma wannan da ake kira teyatur, da dandamali da labule, sabo ne a gare mu. Mu muka kwaɓa ƙasa muka gina dandamalin a gindin gawo, Salisu tela ya haɗa tsofaffin zannuwa ya yi labule. Laminu ba ya ba ka magana ka haddace. Sai ya tsayar da kai ya ce, "Kai ne mai awon gero, ka san mudunka ya lotsa, ga surukinka ya zo saye. To, yi magana." In ka faɗi abin da mutum ba zai faɗa ba, sai ya karkata kai ya ce, "A wace kasuwa ka ji wannan?" Mata ba sa hawa dandamali a lokacin, samari ke ɗaura zane su ƙanƙance murya, kuma wannan kaɗai ya isa ya kwantar da mutane da dariya. Wasanninmu na farko duk na raha ne: boka da ya sha maganin kansa, baƙauye a gaban likita, mai gida da ya sayi keke bai iya hawa ba. Ni aikina in ɗauki kaya, ko in zama bango, ko in zama raƙumi. Gari duka yakan zo, tsofaffi a tabarma, yara a kan reshe, mata daga baya da goyo. Yanzu ina ganin jikokina kowa da wayarsa a tafin hannu da zare a kunne, yana dariya shi kaɗai. Ban ce nasu ba daɗi ba, sun ga duniyar da ban gani ba. Sai dai ba su san yadda dariyar gari guda take ba, in ta tashi lokaci ɗaya har tsuntsayen gawo su watse.

A wannan lokacin nake neman Sa'a. Ƙuli-ƙuli take kawowa inda muke lodin gyaɗa, kuma na ci ƙuli-ƙulin da ya fi ƙarfin haƙorana kafin in iya yi mata magana. Marainiya ce. Babanta ya rasu tana goye, uwarta ta yi wani aure a ƙetaren iyaka, sai kakarta ta wajen uba, Kaka Tasalla, ta riƙe ta. Tsohuwa ce mai ƙarancin magana, kullum tana bakin ƙofar ɗakinta da mazari tana kaɗi. Ta karɓe ni da mutunci, har baffana ya kai goro an amsa, ana maganar sa rana bayan an gama sussuka.

Sai labari ya zo cewa za a yi gasar teyatur ta matasa, a fara a Maradi, waɗanda suka yi fice su wuce Yamai. Laminu ya ce wannan karon ba dariya za mu kai ba. Yana son mu yi wasan hanya, wato wannan hanyar da ta ratsa garinmu ta yi gabas, wadda iyayenmu suka yi da hannu a zamanin aikin dole, ana ɗibarsu daga gona ba lada, suna ɗaukar tsakuwa a ka. Kowa ya san an yi, amma ba wanda ke magana a kai. Ya ba Salisu tela matsayin manomin da aka kama, ni kuma ya ce in zama gardi, wato ɗan sandan Nasara mai jar hula da bulala, wanda ke tsaye a kan masu aiki.

Na ce, "Mushe, ka san ni. Nemi wani."

Ya ce, "Mugu ba zai iya ba, daɗi zai ji, mutane su gane. Wanda abin zai yi wa ciwo nake so."

Aka rina hula ta yi ja, aka aro kaki wurin wani tsohon soja, Salisu ya kitsa bulala da tsummoki ya shafa mata baƙi, ta yi kama da ta fata amma ko yaro ba za ta ji wa ciwo ba. Muka yi ta gwaji har muka ga ya nuna, sai aka sa ranar kasuwa mu fara nuna wa mutanen gari kafin mu tafi Maradi.

Ranar filin ya cika har bakin hanya. Mutane sun zo da dariyarsu a baki, suna jiran raƙumi ko boka. Da na fito da jar hula na daka tsawa, sai na ji wurin ya yi tsit. Salisu ya faɗi da kwandon tsakuwa, na ɗaga bulala na sauke, ya yi ƙara, na sake saukewa. Ban taɓa jin shiru irin wannan a taron mutane ba. Ina cikin haka na hango Kaka Tasalla ta miƙe daga cikin mata, ta kama hannun Sa'a, suka ratsa taro suka fita, ba ta waiwayo ba. Muka ƙarasa wasan kamar yadda aka tsara, manomin ya tashi, aka ɗaga tuta, aka yi waƙa. Wasu suka tafa, tsofaffi da yawa kuwa suka naɗe tabarma suka tafi ba magana.

Washegari yara suka fara gudu in sun gan ni. Na bi ta bakin rijiya, mata suka yanke hira har na wuce. Wannan duk da sauƙi. Da yamma baffana ya shigo da ƙunshin goro a hannu, ya ajiye a gaban babana, ya ce an mayar. Ya ce tsohuwar ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi ba za ta ba da 'yar Bawa ga hannun da ya iya riƙe bulala haka ba, wai wanda abin ba ya jikinsa ba ya riƙe ta haka. A ranar na san abin da ya kashe baban Sa'a. Aikin hanya aka kai shi, gardi ya doke shi, bai ƙara tashi ba. Manya sun sani, ba wanda ya taɓa gaya mana. Ita kanta Sa'a abin da aka ce mata shi ne ciwo ya yi.

Na ɗauki hula da kaki da bulala na jefa su ɗakin Laminu. Na gaya masa magana mai zafi, irin wadda ban san ina da ita ba. Na ce shi baƙo ne, gobe a ɗauke shi a kai wani gari, mu ya bar mu da abin da ya tono. Bai kare kansa ba. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya ce, "Bar maganar wasa. Ni na ɓata maka aure, ni zan je."

Abin da ya faru a kwanakin farko daga bakin Sa'a na ji shi daga baya. Kullum in an tashi lakol sai ya je gidan Kaka Tasalla, ya yi sallama, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa nesa da tsohuwar. Ta amsa sallama don Allah, daga nan ta ci gaba da kaɗinta kamar ba kowa. Ba ya roƙo, ba ya bayani, in rana ta yi ja sai ya ce a kwana lafiya ya tashi. Lokacin tafiya Maradi yana ta matsowa, 'yan wasa suna ta yi masa magana ya sa wani a matsayina a wuce wurin, ya ƙi. Har mutanen unguwa suka fara cewa mushe ya koma koyon kaɗi. Wata rana da ya miƙe zai tafi sai ta ce, "Gobe ka zo da dogon, ku zo da hular."

Muka je bayan la'asar. Tana zaune a inda take zama, Sa'a tana daga cikin ɗaki, ina ganin ƙafarta ta ƙasan asabari. Muka gaida tsohuwar, na ajiye hular a ƙasa tsakaninmu. Ta dubi Laminu ta ce, "Wa ya aike ka ka tono wannan?"

A nan na ga abin da ban manta ba. Mutumin da ke da muryoyi sun fi na kasuwa, da ya so da ya ari ta malami ko ta dattijo ya lallashe ta da daɗin baki. Bai ara ba. Da tasa ya yi magana, wadda ke maƙalewa, jijiyar wuyansa tana tashi, gumi yana zubo masa. Ya ce ba wanda ya aike shi. Ya ce ƙanen babansa ma an tafi da shi bai dawo ba, kuma a gidansu ba a ko ambatar sunansa, shi ya sa ya so a faɗa ko sau ɗaya a gaban jama'a. Ya ce amma bai tambayi masu abin ba kafin ya taɓa, wannan kuskurensa ne, ba na Dogo ba. Sannan ya ce, "Kaka, in kin ce a bari, an bari. Ba Maradi, ba Yamai. A gabanki zan ƙona hular."

Na san abin da gasar nan take a wurinsa, don na ga yadda yake kwana da ita yake tashi da ita. Tsohuwar ta tsayar da mazarinta. Sannan ta ce, "Tun da aka binne shi, ba wanda ya zo ya zauna don ya ji. Kai ne na farko."

Sai ta fara. Ta ce a wasanmu wanda aka doka ya tashi ya yi waƙa, ɗanta kuwa a kan jaki aka kawo shi, rub da ciki, kuma haka ya kwanta har ya cika, bayansa bai ƙara taɓa tabarma ba. Ta ce tana jiƙa ganye tana shafa masa, shi kuma tambayarsa kullum ita ce ko an yi wa gero maimai. Ta juyo gare ni ta ce, "Kai kana ta ihu kamar mahaukaci. Wancan bai yi ihu ba. Ɗan ƙasar nan ne, ya san sunana. Ran da ya zo tafiya da Bawa, a nan ya tsuguna ya sha furata, ya ce ta yi daɗi. Waɗanda suka gani sun ce yana dukan yana cin goro, yana tambayar na kusa da shi labarin kasuwa." Ba ta yi hawaye ba. Daga cikin ɗaki ne muka ji kukan Sa'a a hankali, tsohuwar ta ce, "Bar ta ta ji. Ta girma."

Da ta gama ta tura hular da ƙafa zuwa wajena, ta ce, "Ba za ku ƙona ba. In za ku yi, ku yi shi yadda ya faru. Kada wanda aka doka ya tashi. Kuma ku kira shi da sunansa." Na buɗe baki zan yi maganar da ta kawo ni, ta ɗaga hannu. "Wannan dabam. Ina da ido."

Laminu ya rushe wasan ya sake gina shi. Ya cire waƙar ƙarshe, ya sa uwa a ciki, ya sa shan furar, ya sa jaki. Kaka Tasalla kuwa, wadda ba ta zuwa ko biki, sai ga ta kullum a filin lakol da 'yar tabarmarta da audugarta, tana kaɗi tana kallon gwaji. Ba ta cika magana ba, sai dai in wani abu ya kauce ta ce, "Ba haka ba," Laminu ya je ya tsuguna ya saurara. Ni ne na sha wuya. Ihu yana ɓoye mutum, amma ka yi murmushi, ka tauna goro, ka ɗaga hannu a kan wanda ke kiran sunan uwarsa, wannan ya fi buhun gyaɗa nauyi. Duk ran da muka gama sai in fizge hular, in ruga in ɗaga rigar Salisu in duba bayansa, alhali na san tsumma ne. Shi har ya gaji ya ce, "Dogo, ƙaiƙayi ma ban ji ba." Daga nan in zagaya bayan aji in zauna ni kaɗai. Tuwo ya daina shiga, innata ta fara yi wa Laminu kallon banza.

Ana gab da tafiyarmu, ina zaune a bayan ajin nan, sai na ga inuwa. Sa'a ce da ƙwarya a rufe da faifai. Ta ajiye ba ta dube ni ba, ta ce, "Kaka ta ce ka sha, wai kada ka faɗi a gaban mutanen Maradi ka ba mu kunya." A daren ranar tsohuwar ta aika a kira baffana. Ya dawo yana murmushi, ya ce a nemo sabon goro. Abin da ta ce masa shi ne, "Na ga yana cire hular kamar mai cire ƙaya. Wancan da ita yake kwana."

A bayan kamyo muka tafi Maradi, a kan buhuna, da labulenmu a naɗe. Muka yi fice, aka wuce da mu Yamai, inda na fara ganin kogi da fitilar da ba ta cin mai. A babban zauren da muka yi wasan akwai Zabarmawa da Buzaye da waɗanda ba sa jin Hausa, amma da aka ɗauko Bawa rub da ciki, uwarsa tana tafe a baya da ƙwaryar fura, sai na ji irin shirun nan na Agiye ya sauka. Labule ya rufe ba waƙa. An daɗe kafin mutum na farko ya tafa. Mu aka ba kyauta ta ɗaya. Da aka kira Laminu ya yi godiya, ya tsaya a gaban manyan ƙasa yana fama da kalma ɗaya har aka fara motsi a kujeru, daga ƙarshe abin da ya fito shi ne, "Wata tsohuwa ce a Agiye." Ya sauko.

Bayan sussuka aka ɗaura aurenmu. Ba a jima ba aka ɗauke Laminu zuwa Yamai, kamar yadda na faɗa masa cikin fushi, sai dai bai bar mu ba. Muka riƙa jin wasanninsa a rediyo, mu taru a shagon Salisu, mu gane muryoyin mutanen kasuwarmu a bakin 'yan birni, har a ce wannan ai sarkin fawa ne. Ya fara rubuta wasanni a takarda, aka buga, aka juya wasu zuwa harsunan da shi ma ba ya ji. A hannunsa mata suka fara hawa dandamali da kansu. Ya shiga jirgi ya je ƙasashe, ya dawo da kyaututtuka. Akwai lokacin da wani wasa nasa bai yi wa masu iko daɗi ba, aka tura shi wata lakol can cikin rairayin arewa don ya yi shiru. Ya yi shekarunsa can, ya dawo da wasa a kan rijiya da makiyaya wanda aka ce ya fi na baya. Duk wannan bai hana shi zuwa Agiye da kaka ba. Ya sauka a ɗakin zaurenmu, ya fara da gidan Kaka Tasalla, ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, har shekarar da ta rasu. Ni na ƙara 'yan shekaru ina wasa, sannan iyali suka yi yawa na koma gona gaba ɗaya. Sunan Gardi kuwa ya bi ni, har yau akwai masu kirana da shi da ba su san dalili ba, kuma na daina jin zafinsa.

Zuwansa na ƙarshe ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, ɗiyarsa ce ke riƙe da hannunsa. Dandamalin ya daɗe da rushewa, an yi aji a wurin, bai ma nemi a kai shi ba. Muka zauna a tsakar gida a inuwa, Sa'a ta dama fura ta kawo, ita ma kanta ya yi fari. Ya sha, ya riƙe ludayin yana juya shi, na ga alamar akwai maganar da ke son fita. Ya ce, "Sa'a, akwai abin da ban taɓa tambayarki ba. Na roƙi kakarki, na roƙi mijinki, ke ban roƙe ki ba. A gaban gari duka na sa kika ga mutuwar babanki. Kin yafe mani?"

Ta gyara mayafinta, ta zauna a bakin turmi. Ta ce, "Mushe, ni ban san fuskarsa ba. Ba hoto, ba mai ba ni labari, ko sunansa ba a faɗi in ina wurin. A wasanka na fara ganin babana yana tafiya, yana magana, yana tambayar gonarsa. Me zan yafe?" Sannan ta ƙara da cewa, "Sai dai Kaka ta ce shi dogo ne kyakkyawa, ku kuwa kuka ba ni Salisu tela."

Laminu ya yi dariya har ya ƙware, ɗiyarsa tana bubbuga masa baya, hawaye suna bin kuncinsa, ban san na dariyar ne ko na wani abu ba. Da rana ta yi sanyi muka raka shi bakin hanya, ni da Sa'a, muka tsaya har motar ta cika ta tashi. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan tsohuwar, ya jiƙan Bawa da duk waɗanda suka ɗauki tsakuwar hanyar da motar ta bi.